Ƙagaggen Labarin Tarihi: Ina Gaskiya Ta Tsaya, Ina Ƙari Ya Fara?

A shekarar 1986 marubucin nan ɗan Labanon, Amin Maalouf, ya fitar da wani ƙagaggen labari da Faransanci mai suna Léon l'Africain. Jaruminsa mutum ne da ya rayu da gaske, wato Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa ta Andalus wanda ya girma a Fas. A 1518 'yan fashin teku suka kama shi, suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10 a birnin Rum. A can ya rubuta littafi a kan Afirka, aka buga shi a 1550, cikinsa har da bayanin Kano, Katsina, Zazzau da Gobir.

Daɗin irin wannan labari shi ne yadda yake hura wa tarihi rai. Ɗalibi kan haddace cewa Garnaɗa ta faɗi a 1492, Turkawan Usmaniyya suka ci Alƙahira a 1517, ya kuma manta da zarar an gama jarrabawa. Amma idan ya karanta yadda iyali ke ɗaure kaya suna barin gidan kakanninsu, abin ya zauna masa a zuciya ke nan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kaɗan ƙwarai aka sani game da rayuwar Hasan ta cikin gida, saboda haka Maalouf ya cike giɓin da tunaninsa. Ya haɗa shi da mata irin su Nur a Alƙahira da Maddalena a Rum, ya sa masa ra'ayoyin da suka fi kama da na mutumin ƙarni na 20. Mai karatu kuwa ba ya ganin ɗinkin da ya haɗa gaskiya da ƙari. Ko batun zuwan Hasan ƙasar Hausa ma, masana na taƙaddama: ya taka da ƙafarsa ne, ko daga bakin fatake ya ji?

Don haka iyaye, kada ku hana yaro irin waɗannan littattafai. Ku karanta tare da shi, ku tambaye shi wanne ne ya faru, wanne marubuci ya ƙara, sannan ku nemo littafin tarihi ku gwada. Wanda ya saba da wannan tambaya tun yana ƙarami, da wuya a ruɗe shi da labarin ƙanzon kurege idan ya girma.