Gyaran Shasin Tsohuwar Land Rover

Lokacin da kamfanin Rover na Ingila ya fito da motarsa Land Rover a shekarar 1948, ƙarfe yana wuya ƙwarai sakamakon yaƙin duniya na biyu, saboda haka sai maƙeransa a Solihull suka yi dabarar ƙera gangar jikin da alminiyam, suka keɓe ɗan ƙarfen da suke samu ga shasi, wato ƙashin bayan da inji da giya da sifirin da bodi duka suke zaune a kansa. Wannan hikima ita ce ta jawo illar da masu farfaɗo da waɗannan motoci suke fama da ita har yau, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai ka ga zahirin mota sumul, alhali baɗininta ya ruɓe.

Shasin kuwa dogayen bututu ne guda biyu masu kusurwa huɗu, waɗanda aka haɗa da ƙarafan gicciye, kuma kaurin ƙarfensu bai wuce kimanin milimita 2 ba. Tun da cikinsu rami ne, laka da ruwa sukan shige su kwanta, tsatsa ta dinga ci daga ciki, musamman a ƙarfen gicciye na can baya da hannuwan da suka tallafi bodi. A Ingila gishirin da ake watsawa bisa titi lokacin hunturu shi ne babban sanadi. A ƙasarmu kuwa taɓon damina ne, wanda ba a cika wanke shi daga ƙarƙashi ba.

Bakanike mai sanin ƙa'ida, bayan ya ɗaga bodi ya kankare shasin har farin ƙarfe ya bayyana, yakan bi shi da guduma taƙi bayan taƙi yana saurare: lafiyayyen wuri ƙara yake yi tangararan, ruɓaɓɓe kuwa sai ya amsa a dushe, wani lokaci ma bakin gudumar ya lume. Sharaɗi ne kafin a yanke kome a ɗaure shasin bisa shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a kuma auna kishiyarta, domin in awon biyu suka saɓa to shasin ya karkace, kuma duk waldar da aka yi a kan karkata tabbatar da ita za ta yi. Sannan a yanke ruɓar har a kai ga ƙarfe mai rai, a sa faci mai kauri daidai da na asali, a yi walda kaɗan-kaɗan ana sauya gefe, gudun kada zafi ya murɗe shi.

A wajen ƙarfafawa mutane da yawa sukan wuce haddi, su laƙa ƙaton ƙarfe suna zaton alheri ne, alhali wurin da ya sandare yakan tura wahala zuwa gefensa, a nan tsaga za ta ɓullo. Shi ya sa gwanaye suke fiƙe bakin faci ya yi tsini. Masu hali sukan tsoma shasin duka cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Wanda bai sami haka ba ya ɗura mai ko kakin hana tsatsa a cikin bututun, ya buɗe ramukan tsiyayar ruwa.

Abin da ba na yi wa uzuri shi ne toshe rami da gam a shafe shi da baƙin fenti a sayar, domin wannan ɓoye aibi ne a ciniki, kuma rayukan bayin Allah ne a kai. Duk mai niyyar sayen irin wannan mota, ya shiga ƙarƙashinta da guduma da tocila kafin ya taya.