Kayan jariri: me ya kamata ki saya?

'Yar'uwa mai juna biyu, kafin maigida ya shiga kasuwar Shuwarin ranar Litinin ko ya nufi Dutse sayayya, ku zauna ku ware abin da jariri ke buƙata da wanda ado ne kawai.

A fara da gidan sauro mai magani. Sai zannuwan auduga masu taushi, hula da safa, domin jariri na saurin yin sanyi ta kai, musamman da hunturu. Tsumma mai tsabta da aka shanya a rana ya wadatar idan kuɗin famfas ya yi wuya. Don cibiya, nemi man Chlorxy-G, ki shafa sau ɗaya kullum a makon farko, kada ya taɓa ido. Ban da man goge baki, toka ko gashi da tsumma mai zafi. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini.

Bulumboti kuwa, bar shi a shago. Wanke shi da wuya, yana jawo gudawa, kuma nononki kaɗai ya ishi jariri har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Hoda na shiga huhu. Filo na iya toshe masa numfashi, kwantar da shi rigingine. Keken koyon tafiya ma haɗari ne, Kanada ta hana sayar da shi tun 2004.

Maigida, rarar kuɗin a ajiye ta don mota, ko naƙuda za ta zo da tsakar dare.