Kai Kaka Da Jika Ganin Jirgin Sama: Kasuwar Da Ke Jiran Masu Motocin Lafiya

LAFIYA. Ba a rasa mai cewa jirgin sama abin manyan birane ne, amma a watan Fabrairun 2022, lokacin da Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya buɗe filin jirgin saman ɗaukar kaya na Kwandare da ke wajen garin Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa, zancen ya sake salo. An fara aikin filin a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, aka kammala shi a zamanin Gwamna Abdullahi Sule, kuma abin da aka fi hange a kansa shi ne fitar da riɗi da doya da ma'adinai zuwa kasuwannin waje. Sai dai akwai wata hanyar samun kuɗi da filin ya buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa, wadda ba ta bukatar jirgi ko lasisin tuƙinsa, wato shirya tafiye-tafiyen ilmantarwa inda kakanni da jikokinsu za su je tare su ga yadda jirgi yake tashi da yadda tauraron ɗan'adam yake aiki.

Yadda Abin Yake A Ƙasashen Waje

A Amurka wannan sana'a ta daɗe da kafuwa. A shekarar 1975 aka kafa wata ƙungiya mai suna Elderhostel a Jihar New Hampshire don shirya wa tsofaffi tafiye-tafiyen ƙara ilmi, kuma a shekarar 2010 ta koma amsa sunan Road Scholar. Daga cikin shirye-shiryenta akwai na kaka da jika zalla, inda ake barin iyaye a gida. Haka kuma a garin Huntsville na Jihar Alabama an buɗe sansanin Space Camp a shekarar 1982, inda yara suke kwana suna gwada irin horon da ake ba 'yan sama jannati, kuma akwai zangon da ake karɓar iyali gaba ɗaya.

Dalilin ɗorewar wannan kasuwa a fili yake. Tsoho mai ritaya yana da lokaci, yaro yana da hutun makaranta, uba da uwa kuma suna da albashi amma ba su da sukuni. Wanda ya haɗa waɗannan uku wuri guda ya sami abin sayarwa.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin wani jari da Turawa ba su da irinsa, shi ne wasan da ke tsakanin kaka da jika. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa, yakan zauna a cinyar kakansa ya ja masa gemu. Kaka mace takan kira jikanta mijinta, kaka namiji ya kira jikanyarsa amaryarsa. Tambayar da kunya ke hana yaro yi wa uba ko malami, yakan yi wa kaka ita ba fargaba, kuma ilmin kimiyya da tambaya yake shiga.

Tarihin Da Ke Bakin Tsofaffi

Mai shirya irin wannan tafiya ba ya bukatar aron labari daga waje, domin Arewa tana da nata. A ranar 1 ga watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano, kuma daga wannan rana ake lasafta mafarin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya. Shekara 22 ke nan kacal bayan da 'yan gidan Wright suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka a watan Disamba na 1903, tashin da bai wuce daƙiƙa 12 ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Kano ta taɓa zama ɗaya daga cikin tashoshin da hukumar NASA ta Amurka ta kafa a sassan duniya don bin sawun kumbunanta na farko. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairun 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi yana wucewa ta samaniyar Afirka. Bayan wannan, a ranar 23 ga Agustan 1963, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba John Kennedy ta hanyar tauraron Syncom 2, wadda aka ɗauka ita ce magana ta farko tsakanin shugabannin ƙasashe biyu ta tauraron ɗan'adam.

Sai kuma aikin Hajji, wanda ta hanyarsa ne akasarin mutanen Arewa suka fara shiga jirgi. Kafin jirgi, maniyyaci yakan bi ta Barno da Cadi da Sudan, wani ya yi shekaru a hanya, wani ma ya zauna can bai komo ba. Attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda har yanzu wata unguwa a Fagge take amsa sunanta. Daga baya aka ga kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003, da Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, sannan Max Air da Azman.

Wanda aka haifa a 1955 yana da shekara 14 lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata a watan Yulin 1969, kuma zai iya ba da labarin gardamar da aka yi a zauruka kan ko abin gaskiya ne. Irin waɗannan shaidu kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya tafi da labarinsa ya tafi ke nan.

Wuraren Da Za A Iya Zuwa

Lafiya tana da sa'ar wuri. Zango na farko shi ne filin Kwandare, tafiyar wuni guda wadda ba ta bukatar kwana, inda yara za su ga titin saukar jirgi da motocin kashe gobara da kayan auna yanayi, a bayyana musu yadda saurin iska a jikin fiffike yake ɗaga ƙarfe mai nauyin tan da yawa.

Zango na biyu shi ne Abuja, ta hanyar Akwanga da Keffi. A kan hanyar filin jirgin sama, wajen Lugbe, akwai hedikwatar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, wadda aka kafa a 1999. Ita ce ta jagoranci harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumba na 2003. A watan Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Ingila. A ɓangaren sadarwa, an harba NigComSat-1 daga Sin a watan Mayun 2007, ya lalace a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011. Wannan asara da yadda aka cike ta darasi ne ga ɗan kasuwa kamar yadda take ga ɗan makaranta.

A nan ne jagora mai basira zai amsa tambayar da kowane dattijo yake da ita: me ya sa faifan talabijin da ke kan rufin gida ba ya juyawa? Amsar ita ce tauraron sadarwa yana nisan kilomita kusan 36,000 daga doron ƙasa, kuma a wannan nisa yana kewaya duniya sau ɗaya a rana, daidai da juyawar ita kanta duniyar, don haka a idon mai kallo kamar a tsaye yake.

Zango na uku shi ne Kaduna da Zariya, tafiyar kwana biyu ko uku. A Zariya akwai Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, inda ake horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage izinin sauka da tashi. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a nan ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin, labarin da ya kamata 'yan mata su ji. A Kaduna kuwa Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar da jirage marasa matuƙi guda biyu masu sunan Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Mai hali zai iya ƙarasawa Kano don ganin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, mafi daɗewa a ƙasar nan.

Akwai kuma darasin da ba ya cin ko kwabo, wato kallon sama da dare a bayan gari. A nan tsoho ne malami. Shi ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, ya san tauraron da manoma suke duba kafin shuka, ya san yadda ake neman jinjirin watan Azumi. Jika kuma zai buɗe wayar hannu ya nuna masa cewa Zara duniya ce mai kewaya rana kamar tamu.

Lissafin Ɗan Kasuwa

Abu na farko da ya kamata mai shirya tafiya ya gane shi ne wanda zai hau mota daban, wanda zai biya daban. Mai biya shi ne ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa mai matsakaicin shekaru, wanda yake son faranta wa iyayensa rai ya kuma amfanar da 'ya'yansa da kuɗi guda. Saboda haka talla ta fi dacewa a kai ta makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin 'yan fansho, da na tsimi da tanadi na ma'aikata. Karɓar kuɗi kashi-kashi, irin na adashi, a tsawon zangon karatu, zai fi jawo jama'a fiye da neman a biya gaba ɗaya.

Mota mai kujera 18 ba za ta ɗauki masu biya 18 ba. Kujera ɗaya ta jagora ce, ɗaya ta ma'aikacin jinya, saura 16 ne za su ɗauki nauyin mai da haya da abinci da masauki da inshora. Wanda ya manta da wannan a wurin yanke farashi, riba za ta zube masa a hanya. Jagora kuwa ana iya samunsa a cikin gida, daga malaman kimiyya na sakandare ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, muddin yana iya bayani da Hausa mai sauƙi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da gajimare ke rufe taurari, manoma kuma suna gona. Hutun Disamba yana zuwa da hazo, wanda kan hana jirage tashi. Hutun watan Afrilu yana da zafin da ke wahalar da tsofaffi. Mai dabara zai sa ziyarar cikin ɗaki a damina, ya bar kallon sama zuwa kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi kauri.

Inda Gizo Ke Saƙa

Filin jirgi da cibiyar tauraron ɗan'adam wurare ne na tsaro. Dole a rubuta takardar neman izini tun da wuri, a haɗa da sunayen masu ziyara, a jira amsa a rubuce kafin a karɓi kuɗin kowa. Wanda ya cika mota da tsofaffi da yara aka mai da shi daga bakin ƙofa, ya yi asarar kuɗi ya kuma ɓata sunansa, kuma a gari irin Lafiya labari ba ya kwana. Sansanonin soja kuwa, irin na Makurɗi da Kaduna, bai kamata a sa su cikin talla ba sai da takardar amincewa a hannu.

Lafiyar matafiya ita ce ta biyu. A tambayi kowane dattijo game da hawan jini da ciwon sukari da maganin da yake sha, a tsara tsayawa don salla da hutu, a kuma guji tafiyar dare saboda halin tsaro a hanyoyi. Kowane yaro ya zo da takardar amincewar iyayensa. Shi kuma kamfanin ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya yi wa mota da fasinjoji inshora ta gaskiya.

Amfanin wannan sana'a bai tsaya ga mai mota ba. Masu otal da masu abinci da masu ɗaukar hoto da masu buga riguna duk za su samu. Ga jihar da aka ƙirƙira a ranar 1 ga Oktoban 1996, wadda ta zuba dukiya mai yawa a filin jirgi, tambayar da za ta biyo baya ita ce su wa za su riƙe ayyukan da ke cikinsa: matuƙa da makanikai da masu hasashen yanayi da masu kula da kaya. Yaron da bai taɓa ganin jirgi a kusa ba, da wuya ya cika takardar neman shiga kwalejin Zariya. Jarin farawa kuwa bai wuce mota mai lafiya da takardar izini da malami mai iya magana ba, kuma tafiyar wuni guda zuwa Kwandare ta isa ɗan kasuwa ya gwada ko jama'a za su saya kafin ya doshi Abuja da Zariya.