Waƙoƙin Abzinawan Tamanrasset a Intanet da Batun Launin Fata

1.0 Gabatarwa

Tamanrasset gari ne a kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 daga birnin Aljiyas. Mahaɗa ce ta Abzinawa da Larabawa da Hausawan Nijar da sauran baƙi daga Afirka ta Yamma. Wannan takarda ta duba yadda waƙoƙin garin suka shiga intanet, da yadda suka tayar da tambayar wane ne ɗan Afirka.

2.0 Daga Kaset Zuwa Wayar Hannu

Farin shekarun 1970 ya kashe dabbobin Abzinawan Mali da Nijar, matasa da yawa suka kwararo Tamanrasset neman aiki. An kira su "ishumar", kalmar da aka aro daga Faransanci mai ma'anar marasa aikin yi. A cikinsu ne Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara kiɗan jita wajen 1979, ƙungiyar da daga baya ta zama Tinariwen. Ana kiran salon "assuf", wato kewa ko begen gida.

Da farko a kaset ake yaɗa waƙoƙin, hannu da hannu. Da wayar hannu ta zo a shekarun 2000, sai aka koma tura su ta Bluetooth, daga nan kuma suka hau YouTube. A 2012 Tinariwen ta sami lambar yabo ta Grammy a Amurka. Ƙungiyar Imarhan, wadda matasan Tamanrasset suka kafa, ta fitar da faifanta na farko a 2016, sannan ta gina ɗakin ɗaukar waƙa a garin mai suna Aboogi.

Wannan kiɗa yana da alaƙa da ƙasar Hausa. Mawaƙin Nijar Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, da irin sautin na'ura na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu ne faifan ya bazu a Sahara.

3.0 Suna da Launin Fata

Abzinawa na kiran kansu "Kel Tamashek", wato masu magana da Tamashek. Kalmar "Buzu" da Hausawa ke yi wa kowane Ba'abzine, a Nijar ta fi nufin zuriyar bayinsu, waɗanda galibi baƙaƙe ne. Ke nan suna kaɗai yana ɗauke da tarihin fifiko tsakanin fari da baƙi.

A hukumance Aljeriya na alfahari da zamanta ƙasar Afirka. Ita ta shirya bikin al'adun Afirka baki ɗaya a Aljiyas a 1969, inda Miriam Makeba ta yi waƙa, ta kuma sake shirya shi a 2009. Sai dai a 2017 an yi gangami a kafafen sada zumunta da taken ƙin "'yan Afirka" a Aljeriya, ana nufin baƙaƙen baƙin haure. A 2019 kuma Khadija Ben Hamou, 'yar jihar Adrar da ta zama sarauniyar kyau ta ƙasar, ta sha zagi a intanet saboda launin fatarta.

Abin bai tsaya ga baki ba. Tun ƙarshen 2014 ake tara 'yan Nijar a Tamanrasset, da yawansu Hausawan yankin Damagaram, a mayar da su gida ta Assamaka.

4.0 Kammalawa

Wayar da ta kai jitar Tamanrasset ga duniya ita ce kuma ke yaɗa zagin baƙar fata. Hotunan bidiyo na mawaƙan garin suna nuna wa 'yan arewacin Aljeriya da sauran masu kallo cewa ƙasar tana da 'ya'ya masu rawani da harshen Tamashek, waɗanda zumuncinsu ya kai har Agadas da Kidal.