Raket ɗin Tanis: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Matashin da ya taso daga Kiru ko Tudun Wada ya je kallon gasar Dala Hard Court a Kano, da wuya ya koma gida ba da burin mallakar raket ba. Da ya fara tambaya kuwa, sai shawarwari su yi masa yawa, wasu sahihai, wasu ji-ta-ji-ta.

Wadda ta fi yawo ita ce raket ɗin zakaru ya fi dacewa da kowa. Wannan ƙarya ce. Wilson Pro Staff RF97, samfurin Roger Federer, nauyinsa giram 340 ne tun kafin a ɗaura masa igiya, faɗin fuskarsa kuma murabba'in inci 97. Ɗan koyo ya ɗauke shi, kafin a je ko'ina kafaɗa ta gaji, ƙwallo kuma sai dukan gefe. Abin da ya dace da shi shi ne mai giram 260 zuwa 285, da fuska mai murabba'in inci 100 zuwa 110. Saboda irin waɗannan 'yan wasa ne ma Howard Head ya fito da raket mai faffaɗar fuska a kamfanin Prince a 1976. Ga shi kuma ƙwararru da dama tsohon samfurin da suka saba da shi suke riƙewa, kamfani ya shafa masa fentin sabon da ke kasuwa.

Sai masu cewa mafi rashin nauyi shi ke kare hannu. Da gaskiya a ciki, amma rabi. Marar nauyi ya fi daɗin juyawa, sai dai idan ya cika shafal, girgizar ƙwallo takan wuce kai tsaye zuwa gwiwar hannu. Shi ya sa wanda hannunsa ya faɗa kan koma mai giram 300 ko sama.

Batun igiya kuwa, a juye mutane suka ɗauke shi. Ana cewa a ɗaure ta tamau domin ƙwallo ta fita da ƙarfi, alhali mai ɗan sassauci ce ke cilla ƙwallo nesa. Tamau ɗin saiti take ƙarawa. Yawancin kamfanoni na ba da shawarar ɗaurin kilo 22 zuwa 27, kuma ƙasa-ƙasan wannan ma'auni ya fi wa ɗan koyo.

Iyaye ma suna da tasu: a saya wa yaro na manya, wai zai girma ya tarar da shi. Manomin Doguwa ba ya miƙa wa ɗan shekara bakwai garmar babba, to haka abin yake a nan. Tsawon na manya inci 27 ne, hukumar tanis ta duniya kuma ta hana wuce inci 29. Na yara ana yin su a inci 19, 21, 23 da 25, gwargwadon tsayin yaron.

Akwai maganganu biyu da suka tabbata. Ta farko, kaurin mariƙi ba abin wasa ba ne. Idan aka damƙe shi, ya kamata ɗan ali na ɗaya hannun ya shiga tsakanin yatsu da tafi. In an rasa daidai, gara siriri, domin ana iya naɗa masa ƙyalle ya yi kauri. Ta biyu, zafi na lalata raket. Wanda aka bari a bayan mota cikin ranar Maris da Afrilu, igiyarsa kan saki tun ba a yi wasa da shi ba.

Na gwanjo kuma ba laifi ba ne, muddin an duba wuyansa da kewayen fuskarsa da kyau. Igiya da naɗin mariƙi ana sake su da kuɗi kaɗan, amma jikin da ya tsage, a farashi kowane iri, ba abin saye ba ne.