'Yan Wasan Kwamfuta da Sirrin Naɗewar Furotin

A watan Satumba na shekarar 2011, wata mujallar kimiyya mai suna Nature Structural & Molecular Biology ta buga wata maƙala wadda jerin marubutanta ya ɗauki hankalin jama'a fiye da yadda aka saba. A tsakanin sunayen shehunan malamai na Amurka da Turai, sai ga waɗansu sunaye biyu da ba na mutane ba, ba kuma na jami'o'i ba: Contenders da Void Crushers. Sunaye ne na ƙungiyoyin masu wasan kwamfuta. Abin da ya kai su wannan matsayi kuwa shi ne, cikin mako uku kacal sun gano siffar wani furotin da ya gagari masana fiye da shekara goma.

Kafin a fahimci girman wannan aiki, wajibi ne mai karatu ya san abin da ake nufi da furotin. Yawancin ɗalibai sun san kalmar ne a darasin abinci, inda ake cewa ana samunsa a nama da wake da ƙwai. Amma a cikin jiki, furotin ma'aikaci ne. Wani yana narkar da abinci, wani yana ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, wani yana yaƙar cuta. Kowane furotin jeri ne na waɗansu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, an shirya su ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya a jikin zare. Sai dai zaren ba ya zama a miƙe. Da zarar an ƙera shi sai ya nannaɗe, ya dunƙule zuwa wata siffa tasa ta musamman, kuma wannan siffa ita ce ke ba shi ikon yin aikinsa, kamar yadda haƙoran makulli suke sa shi buɗe kwaɗo guda, ya kasa buɗe wani. Cutar amosanin jini, wato sikila, ta isa misali. A cikin zare mai dutse 146 na furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, dutse na shida kaɗai ya canza. Wannan ya sa wani ɗan wuri a bayan furotin ɗin ya yi danƙo, suna mannewa da juna, har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Christian Anfinsen, wanda ya sami lambar Nobel a 1972, ya nuna cewa jerin duwatsun da kansa shi ke ƙayyade yadda zaren zai naɗe. Ke nan idan an san jerin, ya kamata a iya lissafa siffar. Nan fa ake yinta. A ƙaddara zare yana da dutse 100, kowane dutse yana iya juyawa ta fuska uku kawai. Yawan siffofin da za su yiwu shi ne 3 a ninka da kanta sau 100, wato lamba mai alƙaluma 48. Cyrus Levinthal ya yi nuni tun 1969 cewa da furotin zai gwada siffofin ɗaya bayan ɗaya, da shekarun duniya ba su ishe shi ba. Amma a cikin jiki, da yawa daga cikinsu suna gama naɗewa kafin ƙiftawar ido.

A Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, a arewa maso yammacin Amurka (ba babban birnin ƙasar ba, suna ne ya zo ɗaya), David Baker da abokan aikinsa sun ƙirƙiro wata manhaja mai suna Rosetta don neman waɗannan siffofi. Da lissafin ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai a 2005 suka roƙi jama'a su ara musu kwamfutocinsu na gida a lokacin da ba sa amfani da su. Duk wanda ya yarda, yakan ga hoton furotin yana murɗawa a fuskar kwamfutarsa yayin da na'urar ke lalube. Ba a daɗe ba waɗansu masu kallo suka fara rubuto wa Baker suna kukan cewa suna ganin inda na'urar ke kuskure ƙiri-ƙiri, amma ba su da halin sa hannu.

Daga wannan kuka aka haifi wasan Foldit, wanda ma'anar sunansa ita ce "naɗe shi". Baker ya haɗa kai da Zoran Popović na sashen kimiyyar kwamfuta, da Seth Cooper, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne, aka fito da wasan a watan Mayu na 2008. Ɗan wasa yana kama sashen furotin da linzamin kwamfuta, ya ja, ya murɗa, ya girgiza. Inda duwatsu biyu suka matse juna sai alamar ja mai ƙayoyi ta bayyana. Duwatsun da ke gudun ruwa, kamar yadda mai ke yi, an ba su launin ruwan lemo, kuma aikin ɗan wasa ne ya cusa su ciki, ya bar masu son ruwa a waje. Gwargwadon yadda siffar ta zauna daram, gwargwadon hauhawar maki.

A watan Agusta na 2010 mujallar Nature ta buga sakamakon gwajin farko, aka kuma yaba wa 'yan wasa fiye da 57,000. An ba mutane da na'ura matsaloli goma iri ɗaya. Mutane sun fi na'ura a biyar, an yi kunnen doki a uku, na'ura ta yi galaba a biyu. Dalilin wannan fifiko shi ne ya fi cancantar tunani. Na'urar tana aiki ne kamar ruwan sama da ke gangarowa daga kan dutse: kullum ƙasa yake nema, don haka idan ya faɗa wani ɗan kududdufi a tsakiyar hanya sai ya kwanta a nan, alhali rafi yana can ƙasa. Ɗan Adam kuwa yana iya duba siffar ya ga cewa ba ta yi ba, ya warware rabinta, ya ƙyale makinsa ya zube, don yana hango wata siffar da ta fi. Da yawa daga cikin gwanayen wasan ba su taɓa karanta kimiyyar sinadaran jiki a jami'a ba. Abin da suke da shi shi ne ido mai gane siffa, da naci.

Ba kuma kowa ke aiki shi kaɗai ba. 'Yan wasan sun kafa ƙungiyoyi masu mambobi a ƙasashe daban-daban, suna gasa da juna, suna kuma raba aiki a tsakaninsu. Wani ya ƙware wajen fasalin farko, wani wajen gyaran tsakiya, wani kuma shi ne mai haƙurin tsefe ƙananan kurakurai a ƙarshe. Wanda dare ya yi masa a Turai sai ya ajiye, na Amurka ya ɗauka. Har ila yau, an ba su damar rubuta dabarunsu a matsayin jerin umarni da na'ura za ta iya maimaitawa, suka rubuta fiye da 5,000, suna aro suna gyarawa. Ɗaya daga ciki, mai suna Blue Fuse, da masana suka bincika ta a 2011, sai suka tarar ta yi kama ƙwarai da wata dabara da su da kansu suke haɗawa a ɗakin bincike, ba su ma kai ga bugawa ba.

Furotin ɗin da aka ambata a farko na wani bairos ne mai suna Mason-Pfizer, wanda ke jawo wa birai ciwo irin na ƙanjamau. Aikinsa kamar almakashi ne: yana yanka wani dogon zare zuwa gunduwoyin da bairos ke buƙata kafin ya balaga. Masana a birnin Poznan na ƙasar Foland, ƙarƙashin Mariusz Jaskolski, sun daskarar da shi ya zama ƙwayoyi kamar na gishiri, sun haska masa hasken eksire, sun sami ɗigo-ɗigon da hasken ya bari. Amma fassara ɗigon tana buƙatar a sami wani zane da ya yi kusa da ainihin siffar, kuma duk zanen da aka gwada bai yi kusa yadda ya kamata ba. Firas Khatib, na ɗakin binciken Baker, ya miƙa matsalar ga 'yan wasa. Aikin ya bi ta hannu zuwa hannu, kowa yana ɗorawa a kan na wanda ya gabace shi, har aka sami zanen da ya dace. Cikin 'yan kwanaki masana suka kammala sauran.

A nan akwai buƙatar gyara. Waɗansu jaridu sun kambama labarin har mai karatu ya zaci an kusa samun maganin ƙanjamau. Ba haka ba ne. Bairos ɗin na birai ne, kuma magungunan da ke toshe irin wannan almakashi a bairos ɗin ɗan Adam suna hannun likitoci tun 1995. Abin da aka samu shi ne siffa guda da za ta taimaki masu bincike, da kuma hujjar cewa mutumin da ba shi da takardar shaida yana iya ƙara wa ilimi wani abu na gaske idan an ba shi kayan aiki masu kyau.

Daga nan sai 'yan wasan suka wuce zuwa ƙira. A 2012 sun ƙara dutse 13 a jikin wani furotin da masana suka ƙera, ƙarfin aikinsa ya ninku sau 18. A 2019 an ɗauki sababbin furotin 146 da 'yan wasa suka zana daga tushe, aka sa ƙwayoyin bakteriya suka ƙera su, 56 suka naɗe suka zauna da kyau.

Fifikon da ɗan Adam ya nuna a 2010 bai ɗore ba. A ƙarshen 2020 wata manhaja mai koyo daga misalai, AlphaFold, ta kamfanin DeepMind da ke Landan, ta nuna cewa tana iya hasashen siffar yawancin furotin da daidaiton da ya kusa na ɗakin bincike. Sai dai ita ma daga tarin siffofin da masana suka shafe kusan shekara hamsin suna ganowa ɗaya bayan ɗaya ta yi karatunta. A 2024 aka raba lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai gida biyu: rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind saboda hasashen siffa, rabi kuma ga David Baker saboda ƙirar sababbin furotin.