Tsutsar da hancinta ya san daɗin gishiri

Mai noman rani a Dinawa ko Goronyo ya san wannan takaici: tumatir yana shan ruwan Rima, amma da rana ta take sai ya yi yaushi. A tumɓuke shi, sai a tarar saiwar duk ta yi ƙululu. Mai wannan ɓarna wata tsutsa ce da ido ba ya gani, dangin tsutsar ciki da kurkunu, wanda sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Raina kama ka ga gayya.

Makauniya ce, amma cikin duhun ƙasa ba ta ɓatan hanyar saiwa. Ƙamshi take bi.

Yawancin abin da aka sani game da hancin wannan dangi daga wata 'yar'uwarta aka samo shi, C. elegans, mai cin ƙwayoyin bakteriya, wadda tsawonta milimita 1 ne, ƙwayoyin jijiyarta kuma 302. A kanta akwai ƙananan ramuka biyu, inda jijiyoyi ke miƙo siraran gashi suna ɗanɗana duniya. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Nata ya sani, domin a ramukan nan ne wasu jijiyoyi masu suna ASE ke jin gishiri, ta juya ta nufe shi.

A 1996, a ɗakin binciken Cori Bargmann a Amurka, aka gano wani furotin, ODR-10, mai kama irin ƙamshin nan na man shanu. Jikin tsutsar garau yake, don haka aka liƙa wa furotin alama mai walƙiyar kore, aka leƙa ta madubin ƙara girma. Sai ga shi ya taru a gashin jijiyoyi biyu masu suna AWA, daidai inda ƙamshi ke fara isowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo ne a 1997. Aka ɗauke furotin daga AWA, jijiyar kusantar abu, aka dasa shi a AWB, jijiyar gudu. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma haka aka gani: furotin bai canja ba, ƙamshin ma shi ne dai, amma tsutsar da a da take rarrafowa gare shi sai ta juya ta guje shi.